Jan Ƙyallen Sitiyari

Da wuya sati ya wuce wani saurayi bai shigo garejina da waya a hannu ba, ya tura mini ita har kan hanci, ya ce, "Baba Sale, ka ga yadda nake so. A sauke ta ƙasa, a yanke salansa, a ƙara mata wuta. Ai aikin kwana ɗaya ne." In tambaye shi da wace mota zai je aiki ran Litinin, ya ce da ita mana. A nan nake jawo masa benci in ce ya zauna, don maganar ba ta tsayuwa ba ce.

Motar tsere zalla ba ta da wata wahala. Ka cire kujeru, ka taurara ƙafafu, ka bar ta ta yi ta ihu, ba wanda za ta dama sai mai ita. Motar zuwa aiki kuwa ko ɗan koyo ya iya ta. Wuyar tana ga mota ɗaya da za ta yi gudun fili ran Asabar, ran Lahadi ta kai iyali coci ko gaisuwa, ran Litinin ta shiga cunkoson Mararaba ta yi awa biyu tana rarrafe. Na haura shekara talatin ina kwanciya ƙarƙashin motocin mutane a Keffi. Sau ɗaya na yi wannan aikin yadda ya kamata, sau ɗaya kuma na ɓata shi, kuma duka a mota ɗaya ne.

Ni ɗan unguwar Yara ne a nan Keffi. Gidanmu daga malaman allo sai masu tebur a kasuwa, ba wanda ya taɓa riƙe sifana kafin ni. Mahaifina ne ya kai ni wurin Oga Yakubu, wani dattijo mutumin Eggon mai gareji a hanyar Akwanga. Shekarata ta farko ban taɓa injin ba. Noti nake wankewa da kananzir, in jera su bisa kwali yadda aka kwance su, wanda ya fara fita shi ne na ƙarshen komawa. In ka cakuɗa su ba ya zagi, sai ya ɗauki kwalin ya juye cikin yashi ya koma inuwa abinsa. Abu ɗaya ne tak yake ɗaga murya a kai. Duk motar da aka taɓa mata birki ko sitiyari ba a gama ba, sai an ɗaura jan ƙyalle a sitiyarinta. Ko gwamna ne mai motar, in ya ga ƙyallen nan ba ya murza makulli. Hannun da ya ɗaura shi ne zai kwance, kuma sai bayan an zaga da motar an taka birki an ji. "Kai za ka manta," in ji Oga, "ƙyalle ba ya mantuwa." Ranar da ya yaye ni, akwatin sifana ya ba ni da yadi ɗaya na jan ƙyalle.

Malam Bitrus ya zo wurina wata Asabar da rani, da wata tsohuwar motar Jamus baƙa, mai silinda shida, irin wadda ƙafafun baya ke turawa. Ma'aikacin gwamnati ne a Abuja, asalinsa Panda, amma a Keffi yake zaune da iyalinsa, kullum ya kama hanya da sassafe ya dawo da yamma. Mutum ne shiru-shiru, riga a tsuke cikin wando, biro a aljihu. In ka gan shi sai ka rantse bai taɓa wuce gudun tamanin a mota ba. Sai da ya gama gaisuwa ya waiga dama da hagu, sannan ya ce akwai wani fili a bayan Abuja mai kwalta da kwanoni, inda masu sha'awar mota suke haɗuwa ran Asabar, kowa ya zaga a duba masa agogo. Ya je sau biyu da motar yadda take, an bar shi a baya kamar mai tura baro.

"Oga Sale, ba ni da wata motar," ya ce. "Ita ce ofis, ita ce coci, ita ce ƙauye. Amma ni dai Asabar ɗin nan nake so."

Na ce masa ban taɓa yi ba. Ya ce shi ma bai taɓa yi ba. Haka muka fara, shi yana karanta Turanci a waya yana fassara mini, ni ina karanta ƙarfe ina ƙaryata shi.

Aikin farko da muka yi, mun sauke ta ƙasa, yadda ku ma kuke so. Ta yi kyau kam, a kwana kuma ta daina tangaɗi. Bayan sati biyu ya tafi Panda gai da tsohuwarsa, wani dutse a tsakiyar hanya ya huda tukunyar baƙin mai da ke ƙasan injin, da igiya aka jawo mini ita. Daga nan muka nemo shokozoba mai zare, wanda ake murzawa mota ta sauka ko ta tashi, na kuma yanko farantin ƙarfe na rufe mata ciki. Kuloci ma mun sa mai tauri irin na fili. Kwana uku ya yi da shi a cunkoson Nyanya ya dawo yana ɗingishi, ƙafar hagu ta ƙi lanƙwasuwa, muka sauke muka sa matsakaici. Salansa kuwa, da muka buɗe ta, maƙwabtansa ne suka kai ƙararsa wurin fasto, wai yana tada jarirai da asuba. Na yi mata ƙofa ta gefe mai noti uku, a buɗe a fili, a rufe a gari. Lagireto babba muka sa, da fanka ta biyu, da man birki wanda ba ya tafasa da wuri. Abokansa na fili sun matsa in yi wa aksul na baya walda, don ƙafafun su riƙa juyawa tare ta yi musu zamiyar nan da ake wa tafi. Na ƙi. Motar da aka yi wa haka, ranar da aka yi ruwa ita ke zaɓar inda za ta.

Duk waɗannan mun sami tsaka-tsaki. Birki ne ya ƙi. Akwai ɗan abin nan da muke kira fad, wanda ke matse faifan ƙafa in ka taka birki. Fad na gari yana kamawa tun takun farko, ko da sanyin safiya, amma in ka zaga fili sau uku da shi ya yi zafi, sai ya saki, ka taka ka ji kamar tuwo. Fad na fili akasin haka ne. In ya yi zafi yana tsayar da mota kamar an kama ta da hannu, amma in yana da sanyi, taka shi da taka katako duk ɗaya. Wanda ya sani zai iya lallaɓawa da shi a titi, yana ɗan taɓawa yana ɗumama shi, yana barin tazara. Wanda bai sani ba, sai ya zo tsayawa zai sani. Saboda haka muka tsara: ran Juma'a bayan na sauko daga masallaci in sa tayoyin fili da fad na fili, in ɗaura jan ƙyalle. Ran Asabar da yamma ya dawo kai tsaye gareji, in mayar da komai na gari, in zaga da ita, in kwance ƙyalle. Muddin ƙyallen yana nan, shi kaɗai ke tuƙa ta.

Matarsa Madam Rahila malamar firamare ce, kuma ita ke tuƙa motar ran Lahadi da lokacin hutu. Da kanta ta zo gareji, da 'yarsu Murna a hannu, ta ce in yi mata bayani yadda zan yi wa 'yan aji uku. Na ɗauko fad biyu na ɗora a kan benci na yi mata. Ta saurara har ƙarshe, ta juya su a hannu, sannan ta dubi mijinta.

"Baban Murna, ban hana ka ba. Na ga yadda fuskarka take in ka dawo ran Asabar. Amma ga Oga Sale shaida, ranar da motar nan ta tsorata ni da 'yata, ranar ka gama wasan nan."

Ya ce, "Na yarda."

Ta juyo gare ni. "In ban ga ƙyalle ba, in shiga?"

Na ce, "Madam, in ba ki ga ƙyalle ba, ki shiga ido a rufe."

Shekara biyu muka yi a haka ba ko ƙwarzane. Na ji daɗin shekarun nan, ba zan ɓoye ba. Abokansa na fili suka fara kawo mini nasu motocin tun daga Abuja, suna tsayawa a bakin gareji da gajerun wanduna suna "Oga, abeg, yadda ka yi wa Bitrus." Shi kuwa daga na ƙarshe ya hau tsakiya, daga tsakiya ya fara shaƙar ƙeyar na gaba. Duk Asabar sai ya zauna a bencin nan yana nuna mini da hannu yadda ya shiga kwana ta huɗu, mutumin da a da sai ka roƙe shi magana.

Wata Asabar da damina ya zo na ɗaya. Tun daga kwanar layinmu na ji hon. Ya fito yana dariya kamar yaro, ya rungume ni da baƙin mai da komai, ya ce zai raka abokansa biyu da suka biyo shi su ci kifi, in ya dawo ya ɗauki mota. Yana da nasa makullin, kuma ya saba, in ya tarar ba na nan ya duba sitiyari. Na hau da motar kan ramin gyara. Ya taho da ita a guje saboda murna, faifan birki ko kusa ba ya taɓuwa, ga hadari ya haɗu ta gabas. Sai na sauya tsarin da na saba. Na ce bari in fara sa tayoyin gari in ɗaga shokozoba, in faifan ya huce in sake cire tayoyin in canza fad. Aiki biyu ne, amma ina tseren ruwa. Na gama tayoyi, na shiga rami ina murza zaren shokozoba na baya, sifana ta zame, damtsena na dama ya manne da salansa.

Wanda bai taɓa ƙonewa da salansa ba ba zai gane ba. Na fito daga ramin ban san yadda na fito ba. Ga bokitin ruwa, ga ƙofar mota a buɗe, tsummokaran da ke ƙasa duk baƙin mai ne. Abu mai tsabta ɗaya ne idona ya gani, jan ƙyallen sitiyari. Ƙullin zarge nake yi masa a lokacin, ja ɗaya da hannun hagu ya taho. Na tsoma shi a ruwa na naɗe hannu. Mai walda maƙwabcina ya ɗauke ni a babur zuwa kemis, aka wanke aka naɗe da bandeji, na cusa jiƙaƙƙen ƙyallen a aljihu na wuce gida. Na tuna da motar kuwa. Na ce a raina ba komai, gobe da sassafe in ƙarasa, in Malam Bitrus ya zo zai ga ƙyalle ya hau acaɓa. Ko waya ban ga dalilin yi masa ba.

Shi kuma ya dawo ya ga tayoyin gari, ya ga mota ta ɗago sama, ya ga sitiyari fayau. Gidansa bai kai minti biyar ba, faifan da sauran ɗuminsa, bai ji komai ba.

Da safe wajen ƙarfe takwas maiɗakina tana zazzage aljihun kayana za ta yi wanki, ta ɗago abin da yatsa biyu ta ce, "Wannan tsumman fa, a wanke ko a yar?"

Jan ƙyallen ne. Na kira Malam Bitrus, ya ɗauka da fara'a yana tambayar ina na shiga jiya. Na ce ina mota? Ya ce Madam ta fita da ita ita da Murna, za su sujadar safe, ba su fi minti goma ba. Na ce masa fad na fili ne a ciki. Sai ya kashe wayar. Na kira Madam, tana ta ƙara ba a ɗauka, don ita ba ta taɓa waya in tana tuƙi. Na tari ɗan acaɓa na ce mu bi hanyar cocinsu.

An kwana ana ruwa, gari ya yi sanyi. Akwai wata gangara kafin mahaɗa, a nan na hango taro. Ashe wani keke-napep cike da mata ne ya tsaya a gaban Madam zai sauke fasinja, ta taka birki, motar ta ci gaba da tafiya. Ta sake takawa da ƙarfinta duka. Da ta ga za ta haye su, sai ta karkatar da kan motar ta sa ta a lambatu. Ba wanda ya mutu, Alhamdulillahi. Murna ce ta bugi bayan kujera, goshinta ya fashe, wata mata ta riƙe ta tana danne wurin da gyale. Madam tana tsaye, mutane sun kewaye ta suna ta surutu.

"Totur ta taka, ta zaci birki ne."

"Mace da irin wannan motar, ina za ta iya?"

Malam Bitrus ya iso a lokacin, da silifas a ƙafa. Madam ta dube shi ta ce, "Babu ƙyalle. Na duba, Baban Murna. Sau biyu na duba." Shi kuma ya tsaya yana kallon goshin Murna. Na lura ba ta gan ni ba, kuma na lura ya ƙi kallon wajena. Na san mutumin nan, ba zai kira sunana a gaban jama'a ba. Da na yi shiru, da magana ta tsaya a kan mace ta ruɗe, kowa ya watse da haka. Ita kanta, in aka yi ta faɗa, wata rana sai ta fara shakkar ƙafarta.

Ƙyallen yana hannuna tun daga gida, ban ma san na taho da shi ba. Na ratsa mutane na ɗaga shi na ce, "Madam, ga shi nan. Ni na cire ban gama aiki ba. Birki kika taka, kuma da wani ne ba ke ba, da yanzu gawa ake kwasa a keken nan."

Ta dubi ƙyallen, ta dubi bandejin hannuna. Ba ta zage ni ba, da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Ta karɓi 'yarta ta ce a tsayar mata da keke zuwa asibiti. An yi wa Murna ɗinki huɗu.

Keffi ba ta da girman da magana za ta ɓace a cikinta. Kafin sati ya zagayo an ce Sale ya ba da mota babu birki, wasu har sun ce a buge nake. 'Yan Abuja suka janye gaba ɗaya. Mutanen gari da na shekara goma ina duba wa mota suka riƙa wuce ni suna ɗaga hannu daga nesa. Shekarar nan keke na gyara, da janareto, da injin niƙa, har injin ban-ruwa wani manomi ya kawo mini daga Agwada a bayan babur. Wanda ya yi ƙarfin hali ya kawo mota, sai ya tsaya a kaina yana ƙirga noti. Mai walda ya ce da ni, "Kai ma dai, wa ya aike ka? Da ka bar abin a aljihu." Ni kuwa ban taɓa jin da-na-sanin fito da shi ba. Cire shi da na yi ne nake da-na-sani.

Mota ɗaya ce ta dawo da wuri, ita ce baƙar. Malam Bitrus ya sa aka jawo ta garejina, ba wani wuri ba. Na gyara gaba, na miƙe ƙafar da ta lanƙwashe. Sai ya ce in mayar da komai yadda kamfani ya yi ta. Kwana huɗu na yi ina warware aikin shekara biyu. Na sauke shokozoba mai zare, na toshe ƙofar salansa na yi mata walda, na cire kujerar da ke rungume shi a kwana na mayar da mai laushi. Lagireto kawai muka bari, don yana da amfani a cunkoso. Na zuba sauran a kwali na ce ya tafi da su ko zai sayar. Ya ce in ajiye.

Na ce, "Malam Bitrus, laifina ne, ba na motar ba. Bari in je in roƙi Madam."

Ya ce, "Oga Sale, ai ba ta ce in laifin wane ne ba. Cewa ta yi ranar da motar ta tsorata su."

Bayan shekara biyu Madam da kanta ta zo. Ta kawo mini doya daga Panda, ta tambayi hannu, ta ce ta gaya masa in yana so ya koma fili, ta yafe sharaɗin. Ya ƙi. Ya ce shi ya ga goshin yarinyar a ranar, kuma yana ganinsa kullum in ta ɗaure gashi.

To, ku da kuke cewa aikin kwana ɗaya ne, ku dubi ginshiƙan rumfar nan. Kowanne akwai farin tawul mai tsabta a rataye, har bakin rami, don kada hannun da ya ƙone ya sake neman wani abu. Jan ƙyalle kuma yanzu ƙulli uku nake yi masa, in ja da filaya, hannu ɗaya ba ya kwance shi. Duk wanda yake so in taɓa masa mota don fili, sai ya kawo mini duk wanda ke tuƙa ta a gida, mace ko namiji, in ɗora musu fad biyu a kan benci. Da yawa daga nan suke fasawa, ni kuwa ban riƙe kowa ba.

Baƙar motar tana nan, tana zuwa Abuja tana dawowa, ba ta taɓa ba shi kunya ba. Murna tana jami'a. Malam Bitrus ya yi furfura, kuma har yau Asabar da yamma yakan zo, ko motar ba ta da komai, ya zauna a ƙarshen bencin nan da kuke kai. Ba ya tambayar kwalin, ya san inda yake. Makon jiya wani yaro ya zo ɗaukar tasa motar da muka gama, na ce ya tada ita in ji. Ya ba ta wuta, injin ya ɗauka har sama. Malam Bitrus yana kallon titi kamar ba ya ji. Ni ina durƙushe wajen taya, sai idona ya kai ƙasan benci. Ƙafarsa ta dama tana danna ƙasa a hankali, har takalmin ya nutse cikin yashi.